MASAƘU SUN MUTU, INA HAƘƘIN MA'AIKATAN?

Duk wanda ya san unguwar Kakuri da ke Kaduna a shekarun 1980, idan aka sauke shi a can yau sai hawaye ya zubo masa. A wancan zamani jiniyar masaƙa ce agogon jama'a. Da ta kaɗa sai titi ya cika maƙil da kekuna da babura, masu aikin dare na fitowa masu aikin safe na shiga, mai tuwo da mai shayi da mai ƙosai kowa na ciniki a bakin ƙofa. Yau kuwa ciyawa ce ta rufe harabar akasarin masaƙun nan, rufin kwano ya yaye, injuna sun yi tsatsa. Jama'a sun saba da ganin haka har sun daina tambaya. To amma akwai tambayar da bai kamata ta mutu ba. Dubban magidantan da ke ci daga waɗannan injuna ina suka shiga? Kuma gwamnatin da ta buɗe ƙofa kayan waje suka kwararo har aka rufe masaƙun, me ta yi musu?

Da yawa daga 'yan uwa matasa ba su riski wancan zamani ba, don haka yana da kyau su san abin da aka yi asara. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Bayanta sai Nortex, sai Arewa Textiles da mutanen Japan suka sa hannu a ciki, sai UNTL ta wasu attajiran Hong Kong. A Kano masaƙu suka bazu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Gusau ta samu tata, Funtuwa ta samu tata, haka Legas da Aba da Asaba. Ya zuwa shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu sama da 150, kuma babu wani ɓangaren masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Bayan kowane ma'aikaci akwai manomin auduga a Funtuwa ko Malumfashi ko Gombe, akwai mai gurza, akwai direban babbar mota, akwai ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Kuma a cikin masaƙar babu ruwan inji da addini ko ƙabila. Bahaushe da Bakataf da ɗan Tibi da ɗan Idoma kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa.

YADDA AKA KASHE SU

Ruwa ba ya tsami banza. A 1986 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta shigo da shirin SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Lamuni na IMF. Aka karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar sayen auduga a wannan shekarar. Duk da haka masaƙun suka jure, wasu ma suka samu kasuwa a ƙasashen maƙwabta. Sai a 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1997 kuma gwamnatin Janar Abaca ta ɗage haramcin shigo da yadi daga waje. A ƙarshen 2001 ƙasar Sin ita ma ta shiga WTO. Daga nan ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Masaƙun can suka riƙa kwafar zanen atamfar nan, har da tambarin da ke bakin zane, suna bugawa da araha. A sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, a haura da su Nijar, su biyo ta Maraɗi su tsallako iyaka, sai Kantin Kwari.

Gwamnatin Obasanjo ta dawo da haramcin a farkon shekarun 2000, amma a takarda kawai ya tsaya. Tirela ba allura ba ce da za a ce ta ɓuya a aljihu. Kowa ya san ba ta ratsa shingaye daga bakin iyaka har Kano sai da sanin masu kaki da manyan da ke bayansu. A daidai wannan lokacin kuma NEPA ba ta ba da wuta, baƙin man da tukunyar masaƙa ke sha ya yi wuya saboda matatar Kaduna yau tana aiki gobe ta tsaya. Ta yaya mai saƙa da janareto zai yi gasa da wanda gwamnatinsa ta ba shi wuta da bashi mai sauƙi? A 2002 KTL ta rufe. Arewa da Nortex da Finetex suka bi sahu. A 2007 UNTL, wadda ta fi su girma, ta sallami dubban ma'aikata a Kaduna. Yau masaƙun da ke motsi a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 30 ba.

Gaskiya ne wasu masu masaƙun suna da nasu laifin. Akwai waɗanda suka ƙi sabunta injuna, akwai shugabannin da suka yi wa dukiyar kamfani cin kare babu babbaka. Amma a duk jerin nan, ina laifin ma'aikacin da ke tsaye gaban inji awa 8 yana shaƙar ƙurar auduga? Ba shi ya sa hannu a yarjejeniyar WTO ba, ba shi ya kashe NEPA ba, ba shi ke karɓar na goro a shinge ba. Amma shi kaɗai aka bar wa kayan ya ɗauka.

ME AKA BA MA'AIKACI?

Abin takaici, dokar ƙasar nan kusan ba ta san da zamansa ba. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo daga baya, sa'annan mai kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama. Iyakar ƙoƙari! Dokar ba ta yanka ko sisi ba. Babu kuma wani asusun gwamnati da ke ba wanda ya rasa aiki abin sawa a baka kafin ya samu wani. Sabon tsarin fansho ya zo a 2004, bayan an riga an rufe KTL. Gyaran da aka yi masa a 2014 ya yarda wanda ya yi wata 4 ba aiki ya ciri kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa, wato dai guminsa ne ake tsakuro masa, gwamnati ba ta ƙara komai ba. Dokar diyya ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita kuwa ta shafi wanda ya ji rauni ne ko ya mutu a bakin aiki. Wanda aikin ne ya mutu ya bar shi, babu nasa a ciki.

Labarin KTL shi ya fi cin rai, domin masu masaƙar ba wasu baƙi ba ne da za a ce sun tattara sun gudu. Gwamnatocin jihohin Arewa 19 ne. An rufe ƙofa ba a biya ma'aikata kuɗin sallamarsu ba, kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Suka je kotu, suka yi zanga-zanga, suka riƙa ɗaga kwalaye a duk lokacin da gwamnonin suka zo taro Kaduna. Aka kafa kwamiti, aka yi alkawari, wa'adin gwamna ya ƙare wani ya hau. Kusan shekaru 20 bayan rufewar jaridu ba su daina ɗauko labarin tsofaffin ma'aikatan da zawarawan da suka bari ba. Da yawansu sun koma ga Mahaliccinsu ba su ga kuɗin ba, ga shi kuma nairar da ake bin bashinta a 2002 ba ita ce nairar yau ba. Ko da an biya a yanzu ba tare da gyaran lissafi ba, an riga an cinye mafi yawan haƙƙin ta hanyar jinkiri.

Waɗanda ke da sauran ƙarfi suka koma gadi da dako da tura ruwa. Wasu suka ci bashi suka sayi babur suna acaɓa. Sai ga shi a 2013 an hana acaɓa a Kano, a 2014 Kaduna ta bi baya. Yara suka bar makaranta, masu gidan haya suka yi waje da kayan mutane, aure da yawa suka mutu. Mutumin da ya yi shekara 25 yana sarrafa injin da ba kowa ke iya taɓa shi ba, ya wayi gari yana jiran ɗan abin da maƙwabci zai miƙo.

TALLAFIN DA YA BI TA SAMA

Mai karatu zai ce ai an sha jin gwamnati ta ware biliyoyi don masaƙu. Haka ne, an sha ji. A ƙarshen mulkin Obasanjo an yi shelar naira biliyan 70. A zamanin 'Yar'aduwa aka amince da naira biliyan 100, wanda Bankin Masana'antu ya fara rabawa a 2010. A 2017 aka fitar da umarnin cewa ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida. A watan Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannun hukuma, a watan Oktoba na 2023 kuma aka janye hanin. To amma duk waɗannan wa aka yi wa? Biliyan 100 ɗin nan bashi ne ga masu kamfani. Babu layi ɗaya a ciki da ya ce a biya wanda aka sallama, ko a koya masa wata sana'a, ko a riƙe 'ya'yansa a makaranta. UNTL ta sake buɗewa a 2010, an yi biki an yanka zare, amma ba ta koma ko kusa da yadda take a da ba. Masaƙar da ta riga ta mutu kuwa, ma'aikatanta ba su cikin lissafi sam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babu mai cewa kada a taimaki masana'anta. Idan masaƙa ta tashi talaka ne zai samu aiki. Abin da ake cewa shi ne, tsarin da ya tuna da inji ya manta da mutum azzalumin tsari ne, ko da sunan me aka kira shi.

SU MASU WA'AZIN BUƊE KASUWA YAYA SUKE YI A GIDA?

A nan ne abin mamaki yake. Amurka, uwar 'yan jari-hujja, wadda ta fi kowa matsa wa ƙananan ƙasashe lamba su buɗe iyakokinsu, ba ta yarda ta buɗe nata haka kawai ba. Tun a 1962, lokacin da Shugaba Kennedy ke neman rage harajin kayan waje, ya haɗa da wani shiri da suke kira TAA a taƙaice. Hujjarsa ita ce, tunda ƙasa gaba ɗaya ce za ta amfana da cinikin, bai dace a bar waɗanda cinikin ya cutar su ɗauki asarar su kaɗai ba. Da farko sharuɗɗan sun yi tsauri, har sai 1969 kafin a amince da buƙatar ma'aikata ta farko, amma a 1974 aka sassauta. Yadda abin ke tafiya a wancan lokacin shi ne, ma'aikata ko ƙungiyarsu su kai ƙorafi Ma'aikatar Ƙwadago cewa kayan waje ne ko mayar da kamfani wata ƙasa ya raba su da aiki. Idan bincike ya tabbatar, a tsarin da aka sabunta a 2015, gwamnati za ta biya wa mutum kuɗin koyon sabuwar sana'a, ta riƙa ba shi kuɗi duk mako yana karatun, har zuwa mako 130 idan aka haɗa da kuɗin rashin aiki na farko. Akwai kuɗin neman aiki a wani gari da kuɗin kwashe kaya. Wanda ya kai shekara 50 ya samu aikin da bai kai na da albashi ba, za a cike masa rabin giɓin na tsawon shekara 2, har zuwa dala 10,000.

Kada wani ya ɗauka yabon Amurka ake yi. Shirin bai taɓa isa ba. Tsakanin 2000 da 2010 ma'aikatan masana'antun ƙasar sun ragu daga wajen miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ci moriyar TAA. Garuruwa da dama a jihohin Ohio da Michigan da Pennsylvania sun zama kamar Kakuri, kuma masana da yawa sun danganta fushin mutanen wuraren da nasarar Donald Trump a zaɓen 2016. Daga 1 ga Yulin 2022 ma aka daina karɓar sabbin buƙatu, saboda majalisarsu ta ƙi sabunta dokar. Jari-hujja ba ya sauya hali a ko'ina. Amma abin lura shi ne sun yi shekara 60 suna amsa cewa bashi ne a kan gwamnati. Tarayyar Turai ma ta fara aiki da irin wannan asusu a 2007. A nan Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu tana da asusun rashin aiki, inda ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani ya zuba kashi 1, ranar da aiki ya ƙare mutum ya je ya karɓa. Mahukuntan Nijeriya kuwa sun kwafo buɗe ƙofa daga iyayen gidansu, suka bar tanadin da ke tafiya tare da shi a can.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na farko su ce babu kuɗi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. A 2009, da wasu bankuna suka kusa durƙushewa saboda ɓarnar shugabanninsu, Babban Banki ya zuba musu naira biliyan 620 cikin 'yan watanni, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON don ta sayi munanan basussukansu. A 2013 da za a sayar da kamfanin wuta, an nemo ɗaruruwan biliyoyi an sallami ma'aikatansa, domin an san in ba a biya ba ciniki ba zai yiwu ba. A 2018 an amince da sama da naira biliyan 22 ga tsofaffin ma'aikatan kamfanin jirgin sama na ƙasa. Jihohi da dama sun yi dokar da ke ba tsohon gwamna gida da motoci da fansho don ya yi mulkin shekara 4 ko 8. Ashe kuɗi na nan. Abin da ma'aikacin masaƙa ya rasa shi ne abin da zai razana masu mulki da shi.

Na biyu su ce ai kasuwa ce, kuma talaka ya samu atamfa da araha. To, a karɓi wannan magana a bi ta har ƙarshe. Idan miliyoyin mutane sun samu rangwame a kan kowane turmi, 'yan kasuwa sun ci riba, kwastan na karɓar kuɗin fito a kan kowace dilar da ta shigo ta halattacciyar hanya, ashe akwai waɗanda suka ci akwai waɗanda aka ci da guminsu. Adalci shi ne a ɗebi wani abu daga ribar a share wa masu asarar hawaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku su ce tallafi yana koya wa mutane zaman kashe wando. Wa ake faɗa wa haka? Mutumin da ya yi shekara 20 ko 30 yana fita aikin dare cikin sanyin hunturu? Shi aiki yake nema, aikin ne aka ɗauke aka kai wata nahiya. Kuma kuɗin sallama ba sadaka ba ne balle a yi masa gori. Lada ne na aikin da aka riga aka yi, kuma babu addinin da ya halatta a riƙe wa ma'aikaci ladansa.

Akwai kuma masu son karkatar da fushin jama'a zuwa kan ɗan Chana da ke Kantin Kwari. A 2012 hukumar shige da fice ta kama wasu 'yan kasuwar Sin a kasuwar, a 2015 marinan Kano suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kuka da rinannen yadin da ake shigowa da shi. Kukansu gaskiya ne. Amma tsayawa a nan barin jaki ne ana dukan taiki. Baƙo ba ya shiga gida sai an buɗe masa, kuma ma'aikacin masaƙar Sin shi ma talaka ne da ake tatsa. Mai laifin yana Abuja da gidajen gwamnatocin jihohi.

ABIN DA YA WAJABA

Abu na farko, duk ma'aikacin masaƙar da ke bin kuɗin sallama a biya shi, wanda ya rasu a biya magadansa, kuma a yi lissafin da darajar kuɗin yau. Inda gwamnati ce mai kamfanin babu wani uzuri. Inda na 'yan kasuwa ne, filaye da gine-ginen masaƙun suna nan, kada a sayar ko a yanka fuloti sai an fara cire haƙƙin ma'aikata. Na biyu, a gyara sashe na 20 na dokar ƙwadago a yanka mafi ƙarancin abin da za a biya a kan kowace shekarar aiki. Na uku, a ware wani kaso sananne daga kuɗin fiton yadi a zuba a asusun da wakilan ma'aikata za su zauna a kansa, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani, don kada a ba kura ajiyar nama. Na huɗu, hukumar ITF da kamfanoni ke biya wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke bayarwa, da hukumar NDE da aka kafa tun zamanin Babangida, a tilasta musu su fara da waɗanda aka sallama da 'ya'yansu, koyarwa ta gaske mai ɗauke da kayan aiki, ba taron kwana 3 a otal ba. Na biyar, a kafa asusun rashin aiki na ƙasa. Kuma duk bashin da za a ba mai masana'anta nan gaba a ɗaura masa sharaɗin biyan tsofaffin ma'aikatansa.

Wannan magana ta shafi 'yan uwa matasa kai tsaye. Da yawa daga masu yawo da takardun makaranta a Kaduna da Kano ba aiki, 'ya'ya ne ko jikokin waɗannan ma'aikata, kuma aikin da za su gada ne aka rufe. Wanda ke aiki yau a kamfanin roba ko na takalmi ko na fata a Sharaɗa ya sani dokar da ta yi watsi da na Kakuri ita ce dai ke kansa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata matasa su nemi tsofaffin ma'aikatan da ke unguwanninsu su ji daga bakinsu, su taimaka wa zawarawa wajen tattara takardun aikin mazajensu kafin su ɓace, masu ilimin lauya da na lissafi su ba da lokacinsu kyauta. Duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin farfaɗo da masaƙu, kamar yadda suke yi kowane zaɓe, a tare shi da tambaya ɗaya: yaushe za a biya waɗanda aka sallama?

Azzalumi yana dogara ne da mantuwar jama'a. Yana jira masu haƙƙi su mutu ɗaya bayan ɗaya, fayil ya rufe kansa. Amma haƙƙi ba ya mutuwa don mai shi ya mutu, magada na nan, kuma akwai ranar da za a tsaya gaban Wanda ba a ba shi cin hanci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jira, Ya isar wa marayunsu, Ya ba na raye ƙarfin halin ci gaba da nema.